Raɗin Sunan Gidan Ƙashi

A Dutse, idan ka ji mutum ya ce "ai wannan ƙaramin abu ne" tun ba a gama faɗa masa abin ba, kada ka wahalar da wuyanka wajen waiwaye, Muntaka ne. Shi ya raɗa wa kansa Injiniya bayan wani kwas na kwamfuta da ya fara a Kano bai ƙarasa ba. Sana'arsa ta zahiri cajin waya ce a wata rumfa kusa da tasha, amma in ka zauna kana sauraronsa sai ka rantse shi yake kunna intanet da safe ya kashe da yamma.

Yayarsa, Hajiya Lauratu, ita ce mai gidan abincin nan na bayan tasha. Tun tana yi a tukunya ɗaya ta shahara da romon ƙashi, irin wanda ake dafa ƙasusuwan saniya har ɓargo ya narke ya taso saman miya. Direbobi suka riƙa cewa "mu haɗu a gidan ƙashi", sunan ya bi wurin, ita ma ta karɓa ta sa aka rubuta shi a allo. Ba ta da abin da take ji da shi kamar wannan suna, don da guminta ta gina shi, a gaban murhu, shekara da shekaru.

Wata rana Alhaji Idirisu, shugaban wata ƙungiya ta masu dabino, ya zo ya sha romo ya kawo magana. Za su yi babban taro, baƙi za su zo daga nesa, suna neman wanda zai ciyar da su. Ya ce ita ce a ransa, sai dai mutanen kwamitinsa sun nace a kan mai abincin ya kasance yana da adireshi a intanet, yadda baƙo zai duba ya ga inda abincinsa ke fitowa. Ya yi alkawarin zai kawo kwamitin su ɗanɗana kafin a yanke magana.

Muntaka na gefe yana tsotsar ɓargo. Bai bari Alhaji ya kai ƙofa ba ya ce ai wannan ƙaramin abu ne. Ya bayyana wa yayarsa cewa shafi kamar shago yake, suna kuma shi ne adireshin shagon, ana yi masa rajista a wurin wani kamfani mai ajiye sunaye don kada wani ya riga ka. Ya ce kafin la'asar mutumin da ke Chaina zai san Gidan Ƙashi. Hajiya Lauratu ta ce ita ba ta da dangi a Chaina, Alhaji Idirisu kawai take so ya gani.

Ya koma rumfarsa ya tara masu jiran caji, don Muntaka ba ya aiki sai da 'yan kallo. Ya buɗe shafin kamfanin, ya fara rubuta sunan a cikin akwatin da aka tanada. Yana danna ƙ mai lanƙwasa akwatin ya yi ja. Ya goge ya sake, ya sake yin ja, da wani dogon bayani na Turanci a ƙasa wanda bai tsaya karantawa ba. Wani direba ya leƙo ya tambaya ko na'urar ta fi ƙarfinsa ne. Muntaka ya yi dariya ya ce laifin masu kamfanin ne, mutanen da ba su taɓa cin ƙosai ba ina za su san lanƙwasa. Ya cire ta ya sa k tsurarta, akwatin ya yi kore shar. Aka yi masa tafi, ya miƙe ya rusuna kamar wanda ya ci gasa.

Sunan da ya yi wa rajista shi ne gidankashi.

To, kowa ya san a waya mutane na rubuta k suna nufin ƙ, mai karatu ya gane daga maganar da ke gaba da wadda ke baya. Amma adireshi ba shi da gaba ba shi da baya, shi kaɗai yake tsaye. Muntaka kuwa duk sanda ya kalle shi idonsa da kansa yake ɗora masa lanƙwasar, don haka bai ga komai ba sai gwanintarsa. Ya haɗa ɗan shafi, bai sa hoto ko ɗaya ba, wai sai ya ɗauko mai ɗaukar hoto na gaske daga Kano. Lambar wayar yayarsa kawai ya sa, da kalaman talla da ya ƙirƙiro da kansa: sabo ne kullum, da zafinsa, a kwano ko a bokiti, muna kaiwa har gida.

Bai tsaya nan ba. Ya sa aka buga adireshin da waɗannan kalamai a takardun mannawa, ya bi adaidaita sahu da baburan haya yana liƙa musu, ya liƙa a robobin da ake zuba wa masu tafiya da abinci gida, ya kafa ƙaton kyalle a bakin tasha. Cikin 'yan kwanaki babu inda za ka juya a Dutse ba ka ga gidankashi ya gifta ka ba.

A wannan ganiyar ce ya kama wani sabon kwastoma. Malam Mailafiya, mai tankar yashe masai, mutum ne mai fara'a da ba ya fashin romon Hajiya. Muntaka ya zauna masa a wuya har ya yarda a yi masa nasa shafin. Ya buɗe masa asusu a wani kamfani daban, ya bi shi wurin aiki ya ɗauki bidiyo, ya ɗora komai, saura kawai a zaɓi suna. Mailafiya ya ce a ba shi lokaci ya yi tunani, don sana'arsa ba kowane suna take ɗauka ba.

Sai waya ta fara shigo wa Hajiya Lauratu. Na farko wani dattijo ne, Malam Mammadu daga Aujara, wanda ya ga tallar a bayan babur ranar kasuwa. Bayan doguwar gaisuwa ya shiga magana.

"Hajiya, na saniya ne ko na ƙananan dabbobi?"

"Na saniya ne zalla, Baba. Ba ma haɗawa."

"Madalla. Busasshe ne?"

"Busasshe kuma? Ai da ruwansa ake so, yana tururi."

Dattijon ya tambaya ko a tifa suke aunawa ko a buhu. Ta ce a kwano dai, in jama'a da yawa a bokiti. Ya ce gonar tasa fa babba ce, kuma yana so a baza kafin ruwa ya sauka. Ta ɗauka masu aikin gona zai ciyar, sai ta ce babu damuwa, za ta haɗo musu da cokula da lemon tsami, kuma ta tabbata sai sun nemi ƙari. Malam Mammadu ya yi salati ya kashe wayar.

Kafin ta gama mamaki wani ya kira daga Kiyawa, ya ce nasu ya cika har yana tumbatsa, yaushe za su zo su kwashe. Wata mata ta kira ta ce ita dai tana so ta ji muryar mai wannan sana'a ne, ta yi mata addu'ar Allah ya canza mata da mafi alheri. Masu neman kwasa suka yi yawa har Hajiya ta gaji ta riƙa ba su lambar Mailafiya, tana cewa layi ne ya harɗe. Direbobin da suka saba cika benci suka fara raguwa, waɗanda suka zo kuma sai su kalli kwano su kalli juna su ƙunshe dariya.

Ranar da abin ya fashe, wani duba-gari ne ya shigo da hankici a hanci, ya ce an kai musu rahoton ana sayar da abin da bai kamata ba a kusa da abinci. Ya leƙa tukwane bai ga komai ba sai romo, har ya ɗan haɗiyi yawu. Sannan ya ɗauki roba ɗaya ya miƙa mata ya ce ta karanta da ƙarfi, yadda aka rubuta, ba yadda take so ba. Ta karanta. Ta sake karantawa, ta bi kalaman tallar ɗaya bayan ɗaya, har ta kai kan "a kwano ko a bokiti". Nan ta tuna da lemon tsamin da ta yi wa dattijon Aujara alkawari, kunya ta rufe ta har ta nemi wuri ta zauna.

Aka kira Muntaka. Ya zo yana taku ɗai-ɗai, ya saurari ƙarar, ya ce matsalar ba ta suna ba ce, ta masu karatu ce, mutanenmu ba su saba da karatun ƙasa da ƙasa ba. Hajiya Lauratu ta ɗauki ludayin ƙarfe ta riƙe, ba ta ce za ta yi komai da shi ba.

"Muntaka, da lanƙwasa na ba ka sunana. Ina ka kai ta?"

"Yaya, tana nan, kamfanin ne ba ya da wurin ajiye ta."

"To ka nemo ta kafin Alhaji Idirisu ya kawo mutanensa. In ba haka ba kai ma zan cire maka wani abu a jiki, mu ga ko za a gane ka."

Ya ce ai wannan ƙaramin abu ne. Tiransifa zai yi wa sunan, ya ɗauke shi daga wannan kamfani ya mai da shi wani wanda ya waye. Ya kawo misali da wani ma'aikaci da aka yi wa canjin wurin aiki daga Garki zuwa Dutse, ya zo a rame ya yi ƙiba har da tumbi. In mutum zai ƙaru da tumbi don an canza masa wuri, me zai hana suna ya ƙaru da 'yar lanƙwasa. A zuciyarsa kuwa da gaske ya yarda da haka, wannan shi ne abin tausayin.

Ya koma rumfa, ya buɗe makullin sunan a tsohon kamfani, suka turo masa wata doguwar lambar sirri wadda da ita ake ɗauke suna. Ya nufi sabon kamfani, wato inda ya buɗe wa Mailafiya asusu. Muntaka bai taɓa koyon fita daga asusu ba, shiga kawai ya iya, don haka wayarsa na cikin asusun Mailafiya tun ranar. Ya zuba lambar a nan. Kamfanin ya jero masa tambayoyi da Turanci, ciki har da ko a haɗa sunan da shafin da ke cikin wannan asusu. Duk ya danna eh, don a ƙa'idarsa injiniya ba ya gardama da na'ura. A ƙarshe aka ce ya jira kamar mako guda kafin suna ya iso.

Wannan mako gudan shi ya ƙarasa haukata shi. Ya ruga wurin yayarsa yana haki ya ce ta ga ikon Allah, ashe har masu intanet sun san suna sai an kwana bakwai. Saboda haka raɗin suna za a yi, na sosai, a raba goro da dabino, a kira sanƙira, a gayyato Alhaji Idirisu da kwamitinsa su ɗanɗani romo a ranar, a buɗe shafi a gaban kowa. Hajiya Lauratu ta so ta ƙi, amma ta yi tunanin a bainar jama'a sunan ya ɓaci, gara a wanke shi a bainar jama'a. Da ta ce ya fara nuna mata ta gani, sai ya ce haba Yaya, wa ya taɓa bayyana suna kafin ranar suna. Shi kansa bai leƙa ba.

Ranar ta zo, da hantsi aka shimfiɗa tabarmi aka jera kujeru. Muntaka ya aro ƙatuwar talabijin daga gidan kallon ƙwallo tare da lasifikarta, ya sha babbar riga ta aro wadda hannunta ke sharar ƙasa. Alhaji Idirisu da mutanensa suka zauna a sahun gaba, aka ajiye wa kowa kwano yana tururi. Mailafiya na can gefe ya riga kowa fara ci. Hajiya kuwa ta zuba duk iyawarta a tukunyar nan, ƙamshi har tasha.

Sanƙira Abdulbaƙi ya tsaya a gaban talabijin, ya ba ta baya ya fuskanci jama'a, ya fara zuba kirari. Muntaka ya haɗa wayarsa da talabijin, ya rubuta adireshin da lanƙwasarsa, ya danna. Allo ya yi fari, babu komai. Ya ce sabis ne, ya hau benci ya ɗaga wayar sama, rigar ta harɗe shi ya kusa kifowa kan sakataren kwamiti. Ya sauko ya sake gwadawa, shiru. Sai dabara ta zo masa: a rubuta shi yadda yake a da, in ya buɗe lanƙwasar za ta fito da kanta, tunda an yi tiransifa. Ya rubuta, ya danna, ya yi wa sanƙira alama da hannu.

Shafi ya buɗe. Ga Mailafiya nan cike da allo, da takalmin roba har gwiwa, ya rungumi ƙaton tiyo yana murmushi. Lasifikar gidan ƙwallo, wadda aka saba ƙure wa murya, ta saki maganarsa: jama'ar Dutse da kewaye, in ya cika kada ku ji kunya, ku kira mu. Daga nan injin ya tashi, mai ɗaukar bidiyon, wato Muntaka da kansa, ya matso da kyamara dab da bakin ramin don a ga aiki da kyau.

Sanƙira bai waiwaya ba. Ya ji ƙara ya ɗauka kiɗan buɗe taro ne, sai ya ƙara ɗaga murya ya nuna bayansa da babban yatsa.

"Ga shi nan kuna gani da idanunku! Daga nan ake ɗebo muku abin da ke cikin kwanukanku, kullum sabo, ba a taɓa ba ku na jiya ba!"

Cokula suka tsaya a iska. Sakataren kwamiti ya dubi kwanonsa ya ture shi a hankali da yatsa ɗaya. Wani ya ƙware, aka shiga bubbuga masa baya. Daga baya inda direbobi suke dariya ta ɓarke, ta bi layi har ta kai bakin titi, masu adaidaita suka tsaya suna leƙe. Mailafiya ya miƙe da ƙashi a hannu, fuskarsa fal farin ciki, yana nuna allo yana gaya wa na kusa da shi cewa wallahi shi ne.

Muntaka ya danna abin kashewa, murya ta ƙaru. Ya fizgi wata wayar wuta daga bango, fanka ta mutu, talabijin na nan daram. Sai da Hajiya Lauratu ta taso da kanta ta zare wayar da ta dace, wuri ya yi tsit.

Alhaji Idirisu, mutum mai haƙuri, ya goge hannunsa ya tambaya ko za a iya mai do da sunan yanzu. Muntaka ya ce ai wannan ƙaramin, sai ya haɗiye sauran. Ya daddanna waya, ya karanta saƙon kamfanin, karo na farko a rayuwarsa da ya karanta saƙo har ƙarshe. An ce sunan da aka ɗauke ba ya sake motsi sai bayan wata biyu, kuma ko a lokacin sai mai asusun ya yarda.

"Ranka ya daɗe, sunan ya ɗan shiga idda ne," in ji shi. "Da ya gama zai dawo ɗakinsa."

"Taronmu kuwa ba zai jira idda ba," in ji Alhaji.

Ya juya wurin Hajiya ya ce romonta babu na biyunsa a garin nan, shi shaida ne, amma baƙinsa da ido za su fara ci, kuma adireshin nan za su duba. Ya ba ta haƙuri, ya tattara mutanensa suka tafi, kwanuka cike. Wannan ya yi mata ciwo ƙwarai, fiye da dariyar, don ba a taɓa tashi an bar romonta a kwano ba. Mailafiya ya matso yana sosa ƙeya ya ce shi fa ya daɗe yana neman sunan da zai dace da sana'arsa, ga shi Allah ya kawo har gida, in ba za ta damu ba zai riƙe. Ta ce ya riƙe, ta yafe masa duniya da lahira.

Washegari ta sayo gwangwanin jan fenti da ɗan siririn buroshi ta damƙa wa Muntaka. Ta ce ita ta haƙura da intanet, sunanta take so. Duk inda ya liƙa takardar nan, a adaidaita, a babur, a roba, a kyalle, ya bi ya ɗora wa k ɗin lanƙwasarta da hannunsa, kuma ba shi ba romo sai ya gama.

Haka Dutse ta samu sabon abin kallo: Injiniya da gwangwani yana tseren adaidaita sahu a rana, yana roƙon direba ya tsaya ya yi masa lanƙwasa. Aka daina kiransa Injiniya, aka koma Mai Lanƙwasa. Hannunsa ya saba har ya zama in ya ga k a ko'ina sai buroshi ya motsa. Ranar nan ya tarar da wata babbar mota a tsaye kusa da tasha, an rubuta gidankashi da manyan baƙaƙe sababbi a jikinta. Bai ɗaga kai ya ga ko motar wa ce ba, ya taka taya ya zana mata lanƙwasa mai kyau, wadda ta fi duk na baya.

Da azahar sai ga Mailafiya ya shigo gidan abinci yana huci, bayansa wasu baƙi matafiya riƙe da kwanuka. Ya ce tun safe ake tare tankarsa ana cewa a zuba romo, wani har ya tambaya ko ta famfon baya ake tsiyayowa. Ya ce ga su nan ya kawo su inda ya dace. Hajiya Lauratu ta yi dariyar da rabonta da ita tun kafin rajista, ta zaunar da baƙin ta cika musu kwanuka.

Muntaka ya leƙo daga ƙofa, fenti har a kunne, ya ga benci ya cika. Ya gyara tsayuwa ya ce, "Yaya, kin gani ko? Tiransifa ta fara aiki."

Ta ɗauki kwano ta nufi tukunya, ta daɗe tana lalube, ta dawo ta ajiye masa a gaba. Ƙashi ne guda ɗaya, fari tas, an riga an tsotse ɓargon, ko ɗigon miya babu. Ya juya shi ya leƙa ramin, ya ɗago ya tambaya ina romon.

"Yana idda," in ji ta.